Yauƙin Miya: Abinci Ne ko Magani?

Garin Agyaragu, da ke kan hanyar Lafiya zuwa Makurdi a Jihar Nasarawa, ya yi suna da kasuwar doya. Sai dai doya ba ta tafiya ita kaɗai. In an kirɓa sakwara, dole a nemo miyar da za ta raka ta, kuma sau da yawa miyar yauƙi ce: karkashi, lalo, kuka ko kuɓewa. A ilimin sinadarai, sakwarar da yauƙin miyar 'yan gida ɗaya ne, amma aikinsu a jiki ya yi hannun riga.

Dukansu suna cikin rukunin da masana ke kira folisakarayid, wato ƙwayoyin sukari masu ɗimbin yawa da aka jera suka zama zare mai tsawo, kamar 'ya'yan carbi. Sitacin doya gulukos ne zalla, kuma ƙullin da ya haɗa ƙwayoyinsa mai saukin kwancewa ne. Tun daga yawun baki ake fara warware shi, ya ƙarasa a ƙaramin hanji, sukari ya shiga jini. Zaren yauƙi kuwa gauraye ne. A 1977 wasu masana sun tace yauƙin ganyen kuka da na kuɓewa, suka tarar na kukar yawancinsa asid ɗin galakturonik ne da na gulukuronik, tare da wasu nau'o'in sukari irin su ramnos da galaktos. Yauƙin lalo ma yana da yalwar irin wannan asid. Su ne ke jawo ruwa su riƙe, zaren ya kumbura ya sarƙe da juna, miya ta yi jaa. Shi ya sa in aka bar miyar ta daɗe a wuta yauƙin ke tsinkewa, domin zafi ya gutsuttsura zaren.

Cikin ɗan Adam ba shi da abin kwance wannan ƙulli, kuma a nan amfanin yake. Yauƙin yana kaurara abincin da ke ciki, ya rage saurin fitarsa daga tumbi, don haka sukarin tuwo ko sakwara ba ya kwarara cikin jini a lokaci guda. Yana kuma kama wani ɓangare na ruwan maɗaciya ya fita da shi, sai hanta ta ɗebi kitsen kolestarol daga jini ta ƙera sabo. Da ya isa babban hanji, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a can su ci shi, su samar da sinadaran da ke ciyar da bangon hanjin. Ruwan da ya riƙe kuma yana tausasa bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya ci aƙalla giram 25 na harza, wato zaren abinci da ciki ba ya narkarwa, a kullum, da giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa.

Yadda ake tace shi a ɗakin gwaji ba shi da wuyar fahimta. A busar da ganye a niƙa, a wanke garin da sinadarin itanol don cire mai da launi, a jiƙa a ruwan zafi, a tace. Sai a zuba itanol mai yawa a ruwan da aka tace. Zaren ba ya narkewa a cikinsa, sai ya dunƙule ya kwanta, a kwashe a busar. Wannan garin ake auna ƙwayoyinsa, a gwada shi.

An yi irin wannan aiki sosai a Mali. Farfesa Drissa Diallo na sashen maganin gargajiya a Bamako, da Farfesa Berit Smestad Paulsen ta Jami'ar Oslo a Nowe, sun shafe shekaru suna tace wannan sinadari daga tsirran da masu maganin gargajiya ke sa wa rauni da gyambon ciki. Sun ga wasunsu suna zaburar da garkuwar jiki a gwajin ɗakin bincike. A Amurka kuwa, hukumar kula da abinci da magunguna ta amince a 1998 a rubuta a jikin kaya cewa harzar ƙwayar wani tsiro mai yauƙi, siliyom, na iya rage haɗarin ciwon zuciya. Ba ta amince ba sai da aka gwada a jikin mutane.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne bambancin abinci mai kyau da magani. Yawancin abin da aka gano game da kuka, lalo da karkashi ya tsaya ne a kwalbar gwaji da jikin ɓeraye. Saboda haka duk wanda ya zo kasuwa da lasifika yana cewa garinsa na warkar da ciwon sukari ko daji, ya faɗi abin da bincike bai tabbatar ba. Lambar hukumar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ma ba shaidar warkarwa ba ce. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya sha miyarsa, amma kada ya ajiye maganin asibiti. Yana da kyau kuma ya tambayi likita tazarar da zai bari tsakanin ƙwayar magani da garin ganye mai yauƙi, domin yauƙi kan jinkirta shigar wasu magunguna jini.

A gida kuwa, a shanya ganye a inuwa, don rana na kashe korensa da wasu sinadaransa masu gina jiki. A rage kanwa, domin tana lalata wasu bitamin, ga ta da sinadarin gishiri mai tayar da hawan jini.

Sauran aikin na masana ne. Ga Jami'ar Tarayya ta Lafiya da aka kafa a 2011, ga tsangayar aikin gona ta jami'ar jiha a Shabu, ga cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja. Karkashi, ɗan uwan riɗin da Nasarawa ke nomawa da yawa, ya cancanci a auna shi, a gwada shi a jikin mutane bisa ƙa'ida, a fayyace adadin da ke amfani da wanda ke cutarwa. Sai an yi haka za a iya kiransa magani.