Lambobin Wayarka a Hannun Wa Suke?

A shagunan kwafin takardu da ke bakin titin Samaru, daura da Jami'ar Ahmadu Bello, ɗalibi kan miƙa takardar shaidar ɗan ƙasa ta NIN a kwafa masa. Wadda ba ta fita da kyau ba sai a jefa ta kwandon shara, da suna da lamba da hoton fuska a jiki.

Abin da waya ke kwasa ya ninka wannan. Ɗan kasuwar Sabon Gari da ya ci bashi a manhajar lamuni yakan danna "na yarda" bai karanta ba, manhajar ta kwashe lambobin da ke wayarsa kaf. Ranar da ya makara biya, sai surukinsa da limamin unguwa su sami saƙon cewa macuci ne. Cin mutunci ne tsagwaronsa. A 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane.

A Yunin shekarar Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ba mutum ikon neman kamfani ya goge bayanansa. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya.