Ko ka sani? Abin da ke sa lambar sikeli rawa

A kasuwannin Magarya da Dungas, cikin jihar Damagaram, tiya ce har yanzu ke raba gardamar gero, amma idan aka zo kan buhun riɗi ko gyaɗa, sikeli mai lambobi ya samu gindin zama. Shi ma yana da ranar da yake birkicewa: a ɗora buhu, lamba ta yi ta hawa da sauka, ko ta kafe wuri guda. Nan take mai kaya ya ce an yi masa coge. Sau da yawa ba haka ba ne.

A ƙarƙashin farantin sikelin akwai wani guntun ƙarfe da ke ɗan lanƙwashewa idan an ɗora masa nauyi, lanƙwasar da ido ba ya gani. Wasu siraran wayoyi da aka manna a jikinsa su ke mayar da ita wutar lantarki, ƴar mitsitsiya: in an ba ƙarfen bolt 5, ko an cika masa kaya abin da yake fitarwa bai fi kashi 1 cikin 100 na bolt ɗaya ba. Ƙwaƙwalwar sikelin kuwa, wato ƙaramar kwamfutar da ke rubuta kilo a allo, lamba kaɗai take ganewa. Dole sai da tafinta a tsakaninsu.

Ɗaya daga cikin tafintocin da aka fi sani shi ne HX711, na kamfanin Avia Semiconductor da ke ƙasar Sin. Yana ninka wutar sau 128, ya mayar da ita lamba mai gurbi 24, sau 10 ko sau 80 a daƙiƙa. Da waya biyu kacal yake magana da ƙwaƙwalwar. Idan ya gama awo, sai ya sauke wutar wayar DT, alamar ya shirya. Ƙwaƙwalwar kuma ta aika bugu ta wayar SCK, kowane bugu ya sako mata gurbi ɗaya, har 24, sannan ta ƙara ɗaya zuwa uku don faɗa masa yadda zai yi awo na gaba. Abin mamaki, idan ta riƙe bugu ɗaya fiye da kashi 60 cikin miliyan na daƙiƙa, sai ya ɗauka an sallame shi, ya kashe kansa ya yi barci. Allo ya cika da shirme alhali babu abin da ya ƙone.

Shi ya sa gwanin gyara ba ya gaggawar canza kaya. Batir yake fara aunawa da mita, domin wutar da ta yi rauni kan sa awo ya rikice. Daga nan ya bi dalmar wayoyin ɗaya bayan ɗaya, musamman wayar ƙasa da dole tafintan da ƙwaƙwalwar su yi tarayya a kanta. Jijjigar amalanke da ta mota na tsinka ta. Wani lokacin ma ƙwayar riɗi ce da ƙurar hunturu suka cushe ƙarƙashin farantin suka tokare ƙarfen. Rana ma tana da nata: sikelin da ya wuni cikin zafin bazara yakan goce daga sifili, sai an kai shi inuwa an sake daidaita shi da dutsen awo da aka san nauyinsa.