A Duba Kafin A Tura

A watan Janairun 2017 Kudancin Kaduna na cikin zaman ɗarɗar. Ba a daɗe da kai hare-hare a Godogodo da Goska ba, ana ta binne mutane, kowa kunnensa na kan waya. A cikin wannan hali ne labari ya ɓulla a Twitter cewa an kashe ɗalibai biyar na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Wanda ya rubuta ba yaro ba ne, ba kuma mai neman suna ba. Audu Maikori ne, ɗan asalin Kwoi, lauya, wanda ya kafa kamfanin waƙa na Chocolate City, mutumin da dubban jama'a ke sauraron abin da zai ce. Kafin gari ya waye labarin ya zaga ƙasa.

Hukumar kwalejin ta fito ta ce ba a kashe mata ɗalibi ko ɗaya ba. Da Audu ya koma ya bi diddigi, sai ya tarar, kamar yadda ya bayyana da kansa, direbansa ne ya kawo masa labarin, har direban ya ce da ƙaninsa a cikin mamatan, alhali ba a yi haka ba. A farkon Fabrairu ya janye maganar, ya nemi gafarar jama'a. Wannan halin dattako ne, ba kowa ke iya shi ba. Amma magana zarar bunu ce. A cikin watan 'yan sanda suka kama shi a Legas suka kai shi Abuja, a watan Maris aka sake kama shi, aka gurfanar da shi a Kaduna. Ɗan jarida Luka Binniyat, wanda ya ba da irin wannan labari a jaridar Vanguard, shi ma ya fuskanci shari'a, ya yi kimanin wata uku a tsare. Daga baya, a watan Oktoban 2017, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce an tauye wa Audu haƙƙinsa wajen kamun, ta ce a biya shi diyyar naira miliyan 40, kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage kuɗin.

Ba na kawo wannan don in tayar da tsohon miki ba, ba kuma don in wanke waɗanda suka yi kamun ba, kotu ta riga ta faɗi nata. Abin da ya dame ni daban ne. A lokacin ana kashe mutane da gaske. Akwai zawarawa na gaske, marayu na gaske, gidajen da aka ƙone na gaske. Labari guda da ba a tantance ba ya ba duk mai son musanta wahalar mutanen nan sandar duka: “Ai kun gani, ƙarya suke yi.” Wanda ya yi asara ba mai rubutun kaɗai ba ne. Har da matar da mijinta ya mutu, wadda daga ranar sai an yi tantamar kukanta. Kuma idan lauya mai ilimi zai iya faɗawa wannan rami saboda ya yarda da na kusa da shi, kuma zuciyarsa na tafasa, to ni da kai ba mu fi ƙarfin faɗawa ba.

A da, kafin rubutu ya isa hannun jama'a sai ya ratsa hannuwa da yawa. Tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 Abubakar Imam na editanta, akwai mai kawo labari, akwai mai gyara, akwai mai sake karanta shafi kafin a kai maɗaba'a. Yau duk wanda ya riƙe waya a Kwoi ko Kafanchan ko Zonkwa shi ne mai kawo labarin, shi ne maɗaba'a, shi ne kuma mai rabawa. Kujera ɗaya ce ta zama ba kowa a kanta, ta edita. Ita nake roƙon kowa ya zauna a kai, ko da na minti biyar ne.

Ko inda editan yake ma, in ya yi gyangyaɗi ana shan wuya. Mutanen Kaduna ba su manta da Nuwamban 2002 ba. Jaridar ThisDay ta buga wani rubutu kan gasar sarauniyar kyau ta duniya da za a yi a Abuja, a cikinsa akwai jimla guda da ta taɓa martabar Annabi Muhammadu (SAW). Jaridar ta nemi gafara ba sau ɗaya ba, amma aikin gama ya gama. An ƙone ofishinta na Kaduna, rikici ya ɓarke, mutane sama da 200 suka rasa rayukansu, Musulmi da Kirista, aka kwashe gasar aka kai Landan. Ba wanda zai ce rubutu ya halatta zubar da jini. Alhakin kisa na wuyan wanda ya yi kisa. Sai dai jimlar nan, da an sami mai ido ya tsaya a kanta, soke ta ba zai ɗauki daƙiƙa goma ba.

Mu sauko ƙasa-ƙasa, ga irin kuskuren da ke faruwa kullum, wanda ba mugunta a cikinsa sai gaggawa. Hausa ita ce harshen kasuwa da na coci da na masallaci a wannan yanki. Da ita Bajju ke ciniki da Ham, da ita Atyap ke gaisawa da Bafulatani. Amma da yawa daga cikinmu da baki muka iya ta, ba a koya mana rubuta ta ba. Ga shi kuma harshe ne da baƙi ɗaya ke juya magana ta koma wata. Dubi waɗannan biyun: “an kashe su” da “a kashe su”. Na farko labari ne na baƙin ciki. Na biyu umarni ne na kisa. Tsakaninsu harafin “n” ne kawai, irin wanda babban yatsa ke tsallakewa idan mutum na rubutu a kan babur. Haka “an sake shi” da “an sace shi”: iyalin da ke jiran labarin ɗansu, harafi ɗaya ne tsakanin guɗarsu da kukansu. Sai kuma ƙaramar kalmar nan “ba”. “Ba a rufe hanyar Kwoi zuwa Keffi ba”, in “ba” ta farko ta faɗi, mai karatu cikin sauri “a rufe hanya” zai gani.

Ga kuma baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda yawancin wayoyi ba sa fitowa da su sai an sa musu madannin Hausa. Ƙasa daban, kasa daban. Ƙafa daban, kafa daban. Baki na cin tuwo, baƙi kuwa ana shimfiɗa musu tabarma. Wanda ya rubuta tallar miyar “kashi” alhali ƙashi yake nufi, Allah ya ba shi masu saye. Wannan abin dariya ne, amma madannin kyauta ne, sa shi a waya ba ya kai minti biyu. Wani abin haushin shi ne wayar da aka saita da Turanci: kana rubuta Hausa tana “gyara” maka, ta mayar da kalmarka wata aba da ba ka taɓa nufi ba. A kashe wannan gyaran na kai-tsaye, ko a dinga bin bayansa.

Lambobi sun fi kalmomi haɗari, domin kalma in ta karkace mai karatu kan gane, lamba kuwa ba ta da alamar ciwo. Ka tuna daminar 2023, lokacin da cuta ta ruɓar da citta a gonakin Jaba da Kachia da Kagarko da maƙwabtansu, manoma suka tafka asarar da ba su taɓa gani ba. A irin wannan lokaci kowa neman magani yake. A ce wani ya rubuta sunan maganin feshi da awon da za a zuba a tanki, ya ƙara sifili ɗaya bisa kuskure, saƙon ya shiga zauruka goma na WhatsApp. Wa zai biya gonar da ta ƙone? Haka farashin buhu, haka lambar asusun banki da ake tara gudummawar jinya ko ta ginin coci ko masallaci, haka ranar ɗaurin aure a jikin kati, haka sunan mamaci da shekarunsa a takardar jana'iza. Wanda ya taɓa kai aiki wajen masu buga kati ya san cewa da zarar ka ce “a buga”, kuskuren naka ne, kuɗin sake bugawa ma naka ne. Lamba ba a karanta ta da ido kawai. A ɗora yatsa a kanta, a bi ta ɗaya bayan ɗaya, a gwada da inda aka kwafo ta.

Sanarwar rasuwa na da nata ladabin. Kafin ka rubuta cewa wane ya rasu, ka tabbata daga bakin iyalinsa, ka kuma tabbata an riga an gaya wa na kusa. Ba daidai ba ne uwa ta ga hoton ɗanta a Facebook da addu'ar samun hutu a ƙasansa tun ba a aiko mata da dattawa ba.

Sai hoto. Mun saba cewa gani ya kori ji, amma a waya ganin ma sai an bincike shi. Bayan kashe-kashen da aka yi a yankin Gashish na Jihar Filato a watan Yunin 2018, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa daga can ne. Binciken da BBC ta fitar a ƙarshen shekarar ya nuna wasunsu ba su da alaƙa da abin da ya faru, ɗaya ma a Kongo aka ɗauke shi shekaru kafin nan. A cikin kwanakin da aka yi kashe-kashen an tare hanya a Jos an kashe matafiya da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Filato maƙwabciyarmu ce, abin da ya ci ta ba zai bar mu ba. In ba kai ka ɗauki hoto ba, kuma ba ka san wanda ya ɗauka da ranar da wurin ba, kada ka rubuta sunan wani ƙauye a ƙasansa.

To, yaya ake zaman kujerar editan? Ba wani sirri a ciki. Ka gama rubutu, ajiye wayar. Sha ruwa, yi wata hidima, sannan ka dawo ka karanta da ƙarfi kamar kana karanta wa mahaifinka. Kunne na kama abin da ido ya tsallake. A kan kowace magana ka tambayi kanka: na gani da idona, ko an gaya mini? In an gaya mini, shi mai gaya minin ya gani? “Wai” da “an ce” ba shaidu ba ne, kuma ƙara “kamar yadda aka turo mini” a ƙarshen saƙo ba ya sauke maka nauyi. Daga nan sai tambayar da ta fi wuya: in maƙwabcina da ba addininmu ɗaya ba, ko ba yarenmu ɗaya ba, ya karanta wannan, zai ga labari ne ko zai ga an zagi danginsa kaf? Mutum uku suka yi laifi, ka rubuta mutum uku. Kada ka rubuta sunan ƙabila. In abin babba ne, nemi mutum na biyu ya duba, zai fi kyau wanda ba ya jin kunyar ce maka ka yi kuskure. Rubutun da aka yi cikin fushi kuwa, a bar shi ya kwana. Yawancinsu in gari ya waye mai su ne ke goge su da hannunsa.

Wani zai ce ai ana iya gyarawa daga baya. WhatsApp na ba da minti 15 a gyara saƙo, yana kuma bari a goge shi daga wayar kowa cikin kamar kwana biyu. Amma wanda ya riga ya tura gaba, ko ya ɗauki hoton allon wayarsa, ba ka da iko da nasa. Kamfanin da kansa ya ga illar abin: bayan jita-jita ta jawo kashe mutane a Indiya, tun 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda. In kuwa kuskuren ya riga ya fita, kada a goge a yi shiru. A koma daidai inda aka faɗa, a ce abu kaza da na rubuta ba haka ba ne, ga daidai, a roƙi waɗanda suka tura gaba su tura gyaran.

Doka ma ba ta barci. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi tarar da za ta iya kai naira miliyan 7, ko ɗaurin da zai iya kai shekara uku, ko duka biyun, ga wanda ya aika saƙon da ya san ƙarya ne don tayar da hankalin jama'a ko jefa rai cikin haɗari. Gaskiya ne 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam sun daɗe suna kukan cewa ana fakewa da sashen a muzguna wa masu faɗin gaskiya, kuma kukansu na da tushe. Wannan ma ƙarin dalili ne na tsabtace rubutu: mai gaskiyar da ya tantance kowane suna da kowace lamba ya fi wuyar kamawa.

Roƙona na ƙarshe ga masu kula da zaurukan WhatsApp na ƙungiyoyin gari, na matasa, na zumuntar mata, na manoman citta, da sakatarorin coci da na masallaci da ke rubuta sanarwa. Ku ne editocin da suka rage mana. In labarin hari ko na mutuwa ya shigo ba tare da an san tushensa ba, ku tambayi mai turowa daga ina ya samo. In ya kasa faɗa, ku cire, ku kira mai unguwa ko dagacin wurin da aka ambata ku ji daga bakinsa, sannan ku sanar da jama'a.