KIFIN TABKI: A CI NA BANA, A BAR NA BAƊI

A ƙasar Dogo-Dogo, cikin gundumar Dungas, babu kogin da ke gudu shekara duka. Ruwan da jama'a ke dogara da shi na rijiya ne da na tabki. Haka abin yake a Magarya, wadda aka cire Dungas daga cikinta a shekarar 2011. Idan damina ta yi kyau, sai tabkunan kwarin Korama su cika. Dabbobi su sha, masu lambu su yi ban ruwa, masunta kuma su sami kifi.

Amma kifin tabki yana da iyaka. Idan aka kwashe shi duka bana, baɗi sai a jefa taru a jawo laka. Idan kuma aka hana su gaba ɗaya, gidan masunci zai kwana da yunwa. Wannan ita ce matsalar, kuma ta shafi kowa, har wanda bai taɓa riƙe taru ba.

Yadda kifi ke yaɗuwa

Kifin da aka fi samu a tabkunan jihar Damagaram su ne tarwaɗa da karfasa da gaiwa. Kowanne da halinsa.

Tarwaɗa tana yin ƙwai a farkon damina, lokacin da sabon ruwa ya hau kan ciyawa. Uwa ɗaya tana zuba ƙwai dubbai. Wanda ya kama ta da ciki a wannan lokaci, ba kifi ɗaya ya ci ba. Ya cinye irin tabki ne.

Karfasa kuwa, akwai irin wadda uwar ke ɗaukar ƙwanta cikin baki har su ƙyanƙyashe. Idan taru ya kama ta, ita da ƴaƴan duka sun tafi.

Gaiwa ita ce mai dabara. Idan ruwa ya ƙafe, sai ta shige cikin laka ta kwanta har wata damina. Tarwaɗa tana iya jimrewa a laka mai danshi na ɗan lokaci, amma karfasa ba ta rayuwa in babu ruwa.

Saboda haka tabki iri biyu ne. Akwai mai ƙafewa da rani. Wannan sai a bar kifinsa ya girma, sannan a kama shi kafin ruwan ya janye, don kada ya mutu a banza. Akwai kuma wanda ba ya ƙafewa. Wannan kamar rumbun iri yake. Ba a share shi ƙaf.

Abin da doka ta ce

A ranar 7 ga watan Disamba 1998, Nijar ta kafa dokar kamun kifi mai lamba 98-042. Dokar ta ce mai sana'ar su ya yanki takardar izini. Ta hana zuba guba a ruwa. Ta hana amfani da nakiya. Ta hana taru mai ƙananan idanu, wanda yatsu uku ba su shiga idonsa, wato santimita 6 idan an ja shi. A shekarar 2021 aka yi sabuwar doka wadda ta haɗa kamun kifi da kiwonsa. Ma'aikatan gandun daji su ne masu lura da wannan aiki, kuma wurinsu ake neman bayani.

Awon yatsu uku abu ne mai sauƙi. Ba ya bukatar karatu mai zurfi. Kowa yana iya gwada tarunsa a gida. Idon da ya kai yatsu uku yana barin ƙaramin kifi ya wuce. Gidan sauro kuwa ba ya barin komai, har ƙwai yana kwashewa. An raba shi ne don tsare yara daga zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya kai shi tabki ya yi hasara biyu.

Ga wani lissafi. Ƙananan karfasa ashirin da ƙyar suke cika kilo 1, kuma a kasuwa ba su da daraja. Idan aka bar su suka girma, huɗu ko biyar sun isa kilo. Ko da rabinsu ya mutu a hanya, goman da suka rage sun kai kilo 2, kuma babban kifi ya fi tsada.

Hujjar masunta

Masunci shi ma yana da tasa magana, kuma gaskiya ce. Lokacin da kifi ke yin ƙwai shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. A ce wa mai iyali ya rataye taru a watannin nan, abu ne mai nauyi. Sabon taru kuɗi ne, takardar izini ma kuɗi ce. Kuma idan shi ya haƙura, wani ya zo da dare ya kwashe, haƙurinsa ya tashi a banza.

Jihar Difa ta ga abin da hani ke jawowa. A shekarar 2015, saboda rikicin Boko Haram, hukuma ta hana kamun kifi da cinikinsa a yankin Tabkin Cadi. Ba don tsare kifi aka yi ba, don tsaro ne. Amma masunta da masu banda da masu motocin dako duk sun shiga wuya, har aka ɗage hanin a shekarar 2019. Kifi ɗaya bakuna da yawa yake ciyarwa.

Yadda wasu suka yi

A Argungu, cikin jihar Kabi ta Nijeriya, akwai wani yanki na kogi da ake kira Matan Fada. Ba a yin su a wurin sai ranar bikin kamun kifi, wanda aka soma a shekarar 1934. Sarkin ruwa da mutanensa ke tsaron wurin. Shi ya sa ake fito da manyan giwan ruwa a ranar.

Ko ƙasashe masu arziki suna fama da wannan matsala. A Amurka akwai wani kifin teku mai ratsi-ratsi a jiki, wanda ke hawowa koguna don ya yi ƙwai. An kama shi har ya kusa ƙarewa. A shekarar 1985 jihar Merilan ta hana kama shi sam. Masunta suka yi kuka ƙwarai. A 1990 aka sake buɗewa da ƙa'ida, a 1995 aka bayyana cewa kifin ya farfaɗo. Amma a 2019 bincike ya nuna ya sake raguwa. A 2024 aka rage wa masu sana'ar kashi 7 cikin 100 na abin da aka yarda su kama. Tsaron kifi kamar noma yake, kowace shekara sai an sake.

Duniya ta san darajar tabkunan Nijar. An sa tabkin Lasuri cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare wuraren ruwa a shekarar 2005. Na Gidimuni da na Madarunfa sun shiga a 2019.

Abin da gari zai iya yi

Ba sai an jira Yamai ba. Gari mai tabki yana iya zama da maigari da sarkin ruwa da masunta da makiyaya da masu lambu, a gayyaci ma'aikacin gandun daji, a yanke shawara a gaban kowa.

Na farko, a sa ranar rufe tabki da ranar buɗe shi. A yi shela a kasuwa, har baƙin masunta su ji.

Na biyu, tsaron tabki ya zama aikin masunta da kansu, kuma su ne za su fara shiga ranar buɗewa. Wanda ya yi haƙuri shi ya kamata ya fara cin riba.

Na uku, ranar da aka sayar da kifi, a ware wani abu a asusun ƙungiya. Da shi za a sayi taru mai yatsu uku a ba mambobi bashi. Da shi kuma za a nemo ƴaƴan kifi a zuba a tabkin da ya ƙafe ya sake cika. Sakataren ƙungiya ya rubuta komai a littafi, da Hausa, don kowa ya iya dubawa.

Na huɗu, a cire kacalla kafin ta rufe ruwa, a dasa itatuwa a gefe don tare rairayi.

Makiyayi yana da ruwa da tsaki a wannan magana, domin gubar da aka zuba wa kifi saniyarsa ce za ta sha. Mai lambu kuma kada ya wanke famfon feshin magani a cikin tabki. Lokacin yin wannan taro shi ne bazara, tun ruwan farko bai sauka ba.