Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa hotuna sun taimaka wajen kafa gandun dajin Yellowstone na Amurka? A 1871, mai ɗaukar hoto William Henry Jackson ya bi ayarin binciken ƙasa na Ferdinand Hayden zuwa yankin, suna kwana a tanti cikin duwatsu, alfadarai na dakon kayansa. A zamanin, a kan farantin gilashi ake ɗaukar hoto, kuma dole a wanke shi nan take kafin maganin ya bushe, shi ya sa yakan kafa tanti mai duhu duk inda zai yi aiki. An nuna wa 'yan majalisa hotunan, sannan ranar 1 ga Maris, 1872, Shugaba Ulysses Grant ya sa hannu a dokar kare wurin.