Yankari: Dajin da Aka Keɓe wa Namun Daji

Tsofaffi a ƙauyukanmu suna ba da labarin zamanin da ɓauna da gwanki ke kiwo a bayan gari. Yaran yau ba su san su ba sai a tatsuniya. Noma ya faɗaɗa, an sare itatuwa, maharba sun yawaita. Saboda haka ne gwamnati ke keɓe wasu dazuzzuka, ta hana farauta da noma da kiwo a cikinsu. A Jihar Kano akwai dajin Falgore a kan hanyar Jos. Amma wanda ya fi suna a Arewa shi ne Yankari.

Ina Yankari yake?

Yankari yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, a 2006 kuma ya koma hannun Jihar Bauchi.

Wanda ya tashi daga Kano, ko daga Kaura Goje ko wata unguwa, zai bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi. Daga nan sai ya kama hanyar Gombe. A Dindima zai ratse kudu har ƙauyen Mainamaji, inda babbar ƙofa take. A nan ake biyan kuɗin shiga. Daga ƙofa zuwa masaukin baƙi na Wikki akwai tafiyar kilomita 40 da 'yan kai. Kafin a tashi, a tambayi direbobin tasha lafiyar hanya, kuma a yi tafiyar da rana.

Yaushe ya kamata a je?

Da rani aka fi ganin dabbobi, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu. Dalili kuwa shi ne ciyawa ta bushe, ido na gani nesa. Tafkuna sun ƙafe, dole dabbobi su gangaro Kogin Gaji su sha ruwa. Da damina ruwa na ko'ina, sai su bazu cikin duhuwa. Da sassafe ko da la'asar ake fita kallo, domin da tsakar rana dabbobi na kwance a inuwa.

Me ake gani?

Akwai giwa da ɓauna da gwanki da kanki da mugun dawa. A cikin ruwa akwai dorina da kada. Tsuntsaye sun fi iri 350. Gwaggon biri kuwa har bakin ɗaki yake zuwa.

Akwai kuma ruwan Wikki. Yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai, da ɗuminsa. Rani da damina ɗumin ba ya canzawa, yana nan a 31 bisa ma'aunin zafi. Baƙi na wanka a ciki. Ana kuma ganin tsofaffin rijiyoyin Dukkey da wuraren da mutanen da suke narkar da tama su sami ƙarfe. Wannan ya nuna an taɓa zama a dajin.

Dokokin da baƙo zai kiyaye

Kada ya shiga daji ba tare da ɗan jagora ba. Kada ya sauka daga mota sai an ba shi izini. Kada ya yi hayaniya ko ya matsa kusa da giwa mai ɗa. Kada ya ba birai abinci, ya kuma rufe ƙofa da taga, domin suna fizgar kaya. Kada ya kunna wuta ko ya jefar da guntun taba a ciyawa.

Abin da ke barazana ga dajin

Garken giwayen Yankari na cikin 'yan kaɗan da suka rage a Nijeriya. Ɓarayin maharba sun sha kashe su don haurensu, duk da cewa ƙasashen duniya sun hana cinikin hauren giwa tsakaninsu tun 1989. Wasu na shigar da shanu kiwo, shanu su cinye ciyawar namun daji. Su ma manoman ƙauyukan da ke gefen dajin suna da kukansu, domin giwaye kan fito su ɓata musu gona cikin dare ɗaya. Hanyar da ta dace ita ce a sanar da ma'aikatan daji da wuri.

Da akwai raƙumin dawa a Yankari da can, amma ya ƙare. Giwa sai ta yi wata 22 da ciki kafin ta haifi ɗa ɗaya. Idan aka kashe uwa, maye gurbinta sai an shekara da shekaru. Duk wanda ya ƙi sayen naman daji, ya kuma daina cinna wa daji wuta, ya taimaka jikokinsa su ga giwa da idonsu.