Jego a ƙasar wasu: kukan da na ɓoye a Treichville

Ranar sunan ɗana, gidan hayarmu na Treichville ya cika har bakin titi. An yanka rago, abokan maigida sun rufe rumfunansu a Adjamé sun taho, mata sun fito da anko. Duk wadda ta ɗauki jaririn sai ta ce, "Barka da arziki, Allah ya raya." Ina amsawa da murmushi. Da la'asar na shiga banɗaki na kulle ƙofa, na toshe bakina da gefen zani, na yi ta kuka ba tare da na san abin da nake yi wa kukan ba.

Yau yaron yana makaranta. Na ga ya kamata in ba da labarin ne saboda yawan matanmu da nake gani a Abijan da irin fuskar da nake da ita a wancan lokaci.

Abin ya faro tun daga ɓari

Shekara guda da kawo ni daga Maraɗi na yi ɓarin cikin wata biyar. An yi mini wankin ciki, aka sallame ni. Ba suna, ba zaman makoki. Waɗanda suka leƙo suka ce, "Ki yi haƙuri, yarinya ce ke, wani na tafe." Da kyakkyawar niyya suka faɗa, na sani. Amma ni na riga na ji motsinsa, har rigunansa na saya na ɓoye a ƙasan akwati. Bayan kwana uku maigida ya koma kasuwa, ni kuma na koma tsakanin bango huɗu.

Ashe ba ni kaɗai ba ce. Mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta a 2021 cewa ana ɓari kusan miliyan 23 a duniya kowace shekara, wato kamar ciki 15 cikin kowane 100 da aka san da shigarsu. Sai dai mu ba ma zancensa, kowace tana zaton laifinta ne: ko kayan nauyin da ta ɗauka, ko wani abu da ta ci. Alhali mafi yawan ɓarin farkon ciki daga halittar ɗan tayin ne, babu hannun uwa a ciki.

Da na sake samun ciki, tsoro ne ya riga murna zuwa. Duk shiga banɗaki sai na duba ko jini ya zo. Yaro ya ɗan yi shiru a ciki, sai gabana ya faɗi. Haka na yi wata tara.

Abin da gida ke yi mana, nan babu

A gida, mai cikin fari goyon ciki take tafiya wurin iyayenta. Ga uwa, ga kaka, ga gwaggo. Wata na dafa ruwan wanka, wata na dama kunu, wata na karɓar jaririn don ki runtsa. Kwana arba'in ba a barin maijego ita kaɗai. Muna kallon abin a matsayin al'ada kawai, ashe gadi ne ake yi wa jikin mace da zuciyarta.

A nan fa? Innata tana can, tafiyar kwanaki a mota. Ta so zuwa, jiki bai bari ba. Maƙwabtana mutanen kirki ne, amma Julanci da Faransanci suke ji, ni kuwa gaisuwa kawai na iya. Maigida na fita bayan sallar asuba, ya haye gada ya ratsa Plateau zuwa Adjamé, ba ya dawowa sai bayan isha'i, a gajiye, yana lissafin bashi da kuɗin haya. In an kira daga gida sai in ce lafiya lau. Ya za a yi wadda aka kai Abijan, ake mata kallon ta shiga daula, ta ce ba ta jin daɗi?

Barci ya ƙaurace mini ko da yaron ya yi barci. Abinci ya fita a raina. In yana kuka sai in zuba masa ido kamar ɗan wata, daga baya in tsani kaina. Har na fara raya wa zuciyata cewa da babu ni da ya fi samun uwa ta gari. Maigida ya fara zaton kewar gida ce, sannan ya ce ko shafar iska ce, aka kawo rubutu. Wata rana ya ce, "Wai me kika rasa a gidan nan?" Ba ni da amsa.

Tambaya ɗaya

Bayan arba'in na kai yaron rigakafi tare da wata dattijuwa 'yar Katsina mai sayar da waina a layinmu, ita ke yi mini tafinta. Ungozomar asibitin ta gama da yaron, ta ɗago ta dube ni, ta yi magana. Hajiya ta juyo ta ce, "'Yata, cewa ta yi, ke fa, ya kike?" Tun da na haihu ba wanda ya yi mini wannan tambayar yana jiran amsa. Sai kawai na fashe da kuka.

A nan na fara jin cewa abin yana da suna, ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 16 cikin 100 masu ciki, da kusan 20 cikin 100 da suka haihu, suna fama da matsalar da ta shafi tunani, galibi wannan ciwon. A taron suna mai ɗauke da masu goyo goma, ku ƙaddara biyu suna ciki.

A bambance abu uku

Na farko, saurin kuka da jin haushi da ke zuwa kwana biyu ko uku bayan haihuwa, saboda sauyin sinadaran jiki da rashin barci. Mata da yawa na yin sa, kuma yana wucewa da kansa cikin mako biyu.

Na biyu, idan ya zarce mako biyu: baƙin ciki kullum, rashin barci ko cin abinci, jin ba ki da amfani, kasa shaƙuwa da jaririn, tunanin mutuwa. Wannan sai an ga ma'aikacin lafiya. Yana iya farawa tun da ciki, ko bayan ɓari, ko bayan an haifi ɗa babu rai.

Na uku ba shi da yawa, mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, amma na gaggawa ne: maijego ta rikice, tana sambatu, tana ji ko ganin abin da babu. A ranar za a kai ta asibiti, kuma ba a barin ta ita kaɗai da jariri. Haka ma duk wadda ta ambaci cutar da kanta ko ɗanta.

A Abijan ana iya farawa daga inda ake awo ko rigakafi. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a cibiyar INSP da ke nan Adjamé, akwai kuma asibitin Bingerville. Zuwa can ba ya nufin an haukace. Ni magana aka fi yi da ni, aka haɗa da maganin da likita ya tabbatar ba zai hana ni shayarwa ba, cikin 'yan watanni na dawo hayyacina. Don Allah kada a bi ta Roxy a sayo wa maijego ƙwayar barci. Abin da ta sha yana iya bin nono.

Ita maganar kanta magani ce. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora da aka gina kan wani gwaji a ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, inda ma'aikatan lafiya mata na unguwa, ba likitoci ba, suka riƙa zama da iyaye mata suna saurarensu, aka ga da yawa sun warware.

Zuwa ga masu gida

Alhaji, ba a ce ka bar kasuwa ba. Amma in ka iya rufe rumfa ranar suna, za ka iya bar wa yaron shago ita da la'asar sau biyu a mako har a yi arba'in. Ka karɓi jaririn da dare ko sau ɗaya ta samu barci. In da hali, kuɗin motar uwarta ko yayarta ya fi anko amfani. Kada ka ce mata ta rasa tawakkali. Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. A yi addu'a, a kuma nemi magani.

Mu kuma mata, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Yanzu a layinmu in wata ta haihu ko ta yi ɓari, muna raba kwanaki tsakaninmu har arba'in: yau wannan ta kai abinci, gobe waccan ta yi wanki. Hajiya ce ta kafa dokar, ta kuma ƙara da cewa duk wadda ta je, kafin ta miƙa hannu ta ɗauki jaririn, ta zauna tukuna ta tambayi uwar: ke fa, ya kike?